Kibod mai sifirin na gwanjo da rubutun Faransa ko Jamus: abin dubawa kafin a biya

A shagunan kayan kwamfuta na Birnin Kebbi da Jega, akan tarar da kibod masu nauyi an jibge su gefe guda an karya musu farashi, don kawai haruffan da ke kansu ba su zauna inda aka saba ba. Wani A ce a gurbin Q, wani Z ce a gurbin Y, wani kuma cike yake da rubutun Japan. Mai shago na ganin kaya ne masu aibi, mai saye ma haka. Alhali a cikinsu akwai masu sifirin, wato waɗanda kowane maɓalli ke da nasa suwic mai sifirin a ƙasa, da suka fi sabon kibod na roba inganci nesa ba kusa ba, kuma aibin da ake gani a ido shi ne mafi sauƙin magani. Inda kuɗi ke salwanta daban ne: siffar jikin kibod ɗin da lafiyar abin da ke ƙarƙashin maɓallansa.

Kebbi na samun irin waɗannan kaya ta hanya biyu. Akwai na Legas da Kano, waɗanda ake kwasowa daga kwantenar kayan ofisoshin Turai, galibi na Ingila da Jamus. Akwai kuma masu shigowa ta Kamba da ɓangaren Bagudo, daga Nijar da Benin, inda Faransanci ne harshen ofis, don haka tsarin Faransa, wato AZERTY, ne ya fi yawa a cikinsu.

Kibod ba ya aika harafi

Wannan ne tushen maganar duka. In ka danna maɓalli, abin da kibod ke aika wa kwamfuta lambar gurbi ce, wato maɓalli na kaza a layi na kaza. Windows ko Linux ne ke duba tsarin da aka zaɓa, su mayar da lambar harafi. Fentin da ke kan hular maɓallin ba shi da hannu a ciki. Saboda haka in ka jona kibod na Jamus a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka, maɓallin da aka rubuta wa Z zai ba ka Y, komai zai fito yadda yatsunka suka saba. Mai buga rubutu ba tare da kallon hannunsa ba, kamar yawancin masu aiki a shagunan buga takardu na bakin kotu da ƙofar makarantu, ba zai ji wani bambanci ba.

Wanda ke kallon maɓalli kafin ya danna shi ne zai sha wahala, kuma wahalar ta danganta da ƙasar da kibod ɗin ya fito. Na Ingila duk haruffansa suna inda aka saba, alamomi kaɗan ne suka sauya wuri: @ da alamar zance sun yi musaya, kuma £ ce a kan 3. Na Jamus, wato QWERTZ, haruffa biyu ne suka yi musaya, Y da Z, sai dai kusan duk alamomin an sauya musu gurbi, ga kuma Ä da Ö da Ü da ß. Na Faransa ya fi kowanne rikitarwa: A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, M ta koma gefen L. Ga mai rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da wuya a rubuta kalma biyu a jere babu A. Haka nan ɗalibin da ke atisayen jarabawar JAMB, inda ake zaɓen amsa da A, B, C, D, bai kamata a koya masa a kan kibod ɗin da zai danna A ya ga Q ba.

Akwai alama ɗaya da Hausa ke ci kamar tuwo, wato waƙafin sama na jama'a da sa'a da 'ya'ya. A tsarin Amurka tana maɓalli na biyu daga L zuwa dama. A kibod na Jamus wannan maɓallin Ä aka rubuta masa, a na Faransa kuwa ù. Da ka riƙe wannan, rabin matsalar ta kau.

Siffa uku, kuma ba a canza su

Abin da saiti ba ya gyarawa shi ne yadda aka yanka jikin kibod ɗin. Manyan siffofi uku ne a duniya, kuma kallon Enter kaɗai ya isa a gane biyu daga ciki. Na Amurka, da ake kira ANSI, Enter ɗinsa a kwance yake a layi ɗaya, Shift na hagu dogo ne, cikakkensa maɓalli 104. Na Turai, ISO, Enter ɗinsa a tsaye yake ya ci layi biyu, Shift na hagu gajere ne, an cusa ƙarin maɓalli ɗaya tsakaninsa da Z, jimla 105. Ingila da Jamus da Faransa da Sifen duk wannan jikin suke amfani da shi, fenti ne kawai ya raba su. Idan an yanke ɓangaren lambobi na dama, na Amurka ya koma 87, na Turai 88.

Na Japan, JIS, maɓalli 109 gare shi. Enter ɗinsa ya yi kama da na Turai, amma sandar tazara gajera ce domin an sa mata ƙarin maɓallai a gefe biyu, Backspace ƙarami ne, Shift na dama ma an rage shi. A tsarin Amurka waɗannan ƙarin maɓallan ba sa yin komai. Kibod na Japan sukan zo da tsabta da ƙarko, amma samun hulunan da za su dace da layinsu na ƙasa abu ne mai wuya a nan. Sai wanda ya yarda zai zauna da shi yadda ya zo.

Wanda ya saba da ANSI ya koma ISO zai riƙa kuskure biyu a farko: ɗan yatsansa na dama zai faɗa kan maɓallin da ke gaban Enter, na hagu kuma zai faɗa kan ƙarin maɓallin nan maimakon Shift. A tsarin Amurka duka biyun alamar \ suke bayarwa. Hannu kan saba, ba abin fasa ciniki ba ne.

Abin da ya kai a fasa ciniki ga mai rubuta Hausa shi ne rashin Alt na dama. Tsarin Hausa da ke cikin Windows yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ne ta hanyar riƙe Alt na dama a danna k, d, b ko y. Kibod na Turai duk suna da shi, an rubuta masa AltGr. Amma wasu ƙananan kibod da wasu na Japan sun cire shi, ko sun sa Fn a wurinsa. Ana iya riƙe Ctrl da Alt na hagu tare a madadinsa, sai dai yin haka a kowace ƙ cikin rubutu mai shafi hamsin azaba ce.

Na sifirin ne da gaske?

Fitilu masu launi da ƙara ba shaida ba ne. Kasuwa cike take da kibod na roba da aka ɗaga wa maɓallai aka sa musu fitila don su yi kama da na sifirin. Nauyi ma ba hujja ba ce cikakkiya. Yawancin na sifirin sun kai kilo ɗaya ko fiye saboda farantin ƙarfen da ke ciki, amma Cherry G80-3000, wanda yana cikin mafi kyawun abin da za ka tsinta a kayan Jamus, ba shi da faranti, don haka bai da nauyi a hannu. Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a cire hula ɗaya a duba. In ka ga ɗan akwati mai kansa, da sanda mai alamar + a tsakiya, to suwic ne irin na Cherry MX ko kwaikwayonsa, kamar Gateron, Kailh ko Outemu. In ka hango roba mai kumburi a cikin rami, na roba ne. Mai shagon da ya hana a cire hula ɗaya, a ce masa "Allah ya ba da kasuwa, Alhaji" a wuce.

Launin sandar na faɗin halinsa. Ja yana sauka sumul da nauyin kusan giram 45. Baƙi ma sumul ne amma ya fi tauri, kusan giram 60. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar tafiya ba tare da ƙara ba. Shuɗi yana da tudu da ƙarar ƙyas-ƙyas. Dukkansu tafiyar milimita 4 suke yi, harafi kuma na fita tun a wajen rabin tafiya, abin da ya sa ba sai an doka maɓalli har ƙasa ba. A shagon da mutum uku ke bugu a ɗaki ɗaya, ko ɗakin kwanan ɗalibai, shuɗi zai jawo rigima. A ganinmu ruwan ƙasa ya fi dacewa da mai dogon rubutu.

Sunan Cherry a jiki bai isa ba, a juya a karanta takardar baya. G80 ne mai suwic na MX. G81 wani tsari ne daban mai tauri da gajiyar da yatsa, G83 kuwa roba ce zalla. Haruffan ƙarshen lambar na nuna ƙasa: DE Jamus, FR Faransa, GB Ingila, EU kuma tsarin Amurka ne da aka ƙara wa alamar kuɗin Turai.

Akwai na sifirin na gaske da hulunan MX ba sa hawa kansu: tsohon Dell AT101 mai suwic na Alps, Realforce na Japan mai Topre, wasu Logitech masu Romer-G, da IBM Model M. Ba laifi gare su, amma duk rubutun da suka zo da shi, da shi za su tsufa.

Gwaji a gaban mai kaya

Ka je da kwamfutarka ta hannu, ko waya da ɗan mahaɗin OTG, mai jona kayan USB da waya. Waya takan kasa ɗaukar kibod mai fitilu da yawa, don haka in ya ƙi tashi a waya kada ka yanke masa hukunci. Buɗe Notepad, ka danna kowane maɓalli sau goma kana ƙirgawa, ka ga ko haruffa goma suka fito. In sha ɗaya ko sha biyu suka fito, suwic ɗin na maimaita harafi, saboda datti ko tsatsa a ƙarfen da ke haɗuwa a ciki. An fi samun haka a E da A da sandar tazara, waɗanda suka fi shan dannawa. Notepad ba ya nuna F1 zuwa F12 da su Ctrl, don haka in da hali a sauke ƙaramar manhaja irin Switch Hitter tun daga gida, tana aiki babu intanet kuma tana nuna maɓallin da ke maimaitawa.

Yadda maɓallai suka mutu ya fi yawansu muhimmanci. An jera suwic a kan fanel, wato allon lantarkin da ke cikin kibod, layi-layi ne, tsaye da kwance. Maɓalli ɗaya da ya mutu shi kaɗai, matsalar tana wurinsa: suwic, ko dalmar da ta tsage, ko ɗan diyod da ke gefensa. Wannan gyaran minti kaɗan ne. Amma in 3 da E da D da C suka mutu tare, ko rabin layi guda ya yi shiru, to hanyar lantarki ce ta yanke a fanel, ko ƙwaƙwalwar kibod ɗin ta taɓu. Mai gyara na iya ɗinke hanyar da siririyar waya in ya gano inda ta yanke, in kuwa ƙwaƙwalwa ce, ya zama kayan cire-cire. Irin wannan ba a sayensa sai da kuɗin suwic da hulunan da ke jikinsa.

Sai manyan maɓallai: tazara, Enter, Shift, Backspace. Kowanne na da siririn ƙarfe a ƙasa da ke hana shi karkata. Danna kowane gefe daban. In gefe ɗaya ya nutse ya bar ɗaya, ƙarfen ya fita daga maƙalinsa ko maƙalin ya karye. Leƙa tsakanin maɓallai da fitilar waya: tsatsa a faranti ko danƙo mai sheƙi alama ce an taɓa zubar da shayi ko lemo a kai. Maɓallin da ke dawowa a hankali ma haka. Murɗa wayar a daidai inda ta shiga jiki kana kallon fitilar Caps Lock, in ta ɗauke, wayar ta karye daga ciki.

Kan waya ma a duba. Mai zagayen kai ruwan hoda ko shunayya mai tsinke shida PS/2 ne, kwamfutar hannu ba ta da raminsa. Ɗan mahaɗin nan marar komai a ciki ba ya mayar da tsohon kibod na PS/2 ya zama na USB, sai an sami mai ƙwaƙwalwa a ciki, kuma Model M na jan wuta fiye da yadda wasu masu arha ke iya bayarwa. Wasu kibod masu ramin USB-C ba sa tashi da waya mai C a kai biyu, sai mai A a gefe ɗaya, a gwada duka kafin a ce ya mutu. Marar waya kuma, in ɗan tsinkensa na USB da ake cusa wa kwamfuta ya ɓata, kada a ɗauka kowane tsinke zai yi, yawanci kowanne da nasa. A duba bayansa ko ya kumbura, domin tsohon batir da zafin Afrilu na Kebbi, mai wuce digiri 40, ba sa shiri.

Wanda zai saya daga Legas ko Kano ta Jiji ko WhatsApp ya nemi abu huɗu kafin ya tura kuɗi: hoto daga sama da ke nuna Enter da layin ƙasa, hoton takardar baya, hoton maɓalli ɗaya an cire hularsa, da bidiyon ana danna kowane layi ana nuna fuskar kwamfuta. Ya kuma ce a sa shi a kwali, ba leda ba, kafin a kai tasha.

Maganin rubutun baƙi

Mafi arha shi ne a bar hulunan yadda suke a gyara saiti. A Windows, a shiga Settings, sai Time & language, a zaɓi harshe, a ƙara kibod na US ko na Hausa, a goge sauran don kada a riƙa sauyawa bisa kuskure. Riƙe maɓallin Windows a danna tazara shi ke sauya tsari. A kiyayi wanda ake kira United States-International: a cikinsa waƙafin sama na jiran harafin da ke biye, sai ka rubuta jama'a ka ga jamaá. A kuma kula da kalmar sirri. Shafin shiga kwamfuta na iya kasancewa a wani tsari daban da na ciki, BIOS kuma, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, galibi tsarin Amurka yake bi, don haka wanda ya ƙirƙiri kalmar sirri yana kallon fentin AZERTY zai iya kulle kansa a waje.

Dabarar da kowa ke fara tunani, wato a ciro Y da Z a musanya, tana da cikas. A yawancin kibod kowane layi da tsayinsa da karkatarsa. Z ta Jamus an yi ta ne don layin sama, Y don layin ƙasa, in aka musanya sai ɗaya ta yi tsini ɗaya ta nutse. A AZERTY ma haka ne ga A da Q da Z da W da M. Sitika na haruffa na aiki, amma gumi da ƙura kan ɗaga bakinta cikin 'yan watanni. A goge hula da sifirit ta bushe kafin a manna.

Sabon saitin huluna shi ne gyara na dindindin, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Ana auna huluna da faɗin maɓalli ɗaya, milimita 19.05. Yawancin saiti masu arha na ANSI ne: Enter mai faɗin 2.25, Shift na hagu 2.25, tazara 6.25, su Ctrl da Alt 1.25 kowanne. A kan kibod na ISO haruffa da lambobi duk za su hau, amma za a rasa Enter mai tsayi, gajeren Shift na 1.25, hular maɓallin da ke gaban Enter, da hular ƙarin maɓallin. Mafita mai sauƙi: a bar tsofaffin a waɗannan gurabe, a zaɓi sabon saiti mai launi kusa da su. Tsofaffin Corsair K70 da Razer BlackWidow layinsu na ƙasa ba daidai yake da na kowa ba, tazarar ɗaya 6.5 ce, ta ɗayan 6, don haka a auna da rula kafin a yi oda. Roba iri biyu ce: ABS mai yin santsi da sheƙi in ta tsufa, da PBT mai ɗan kaushi da ta fi jure gumi.

Lissafin kuwa a haɗa shi tun a shago: kuɗin kibod, kuɗin mota in daga nesa ne, huluna, suwic na canji, ladan mai gyara. In jimlar ta kusa kuɗin sabon ƙaramin kibod na sifirin irin Redragon K552, gwanjon bai yi riba ba, sai fa in abin da ke hannunka Filco ne ko Leopold ko G80 mai lafiya, waɗanda ko sun tsufa sun fi shi. Rubutun baƙin kuma hujja ce ta neman ragi, domin mai kaya ya san ba kowa zai taya ba.

Wanki da gyara

A ɗauki hoton kibod kafin a cire komai. A cire huluna da ɗan ƙarfen cire hula, a ja sama kai tsaye, a bi manyan a hankali saboda maƙalansu. A jiƙa su a ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa kamar rabin awa, a ɗauraye, a shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, domin ruwa na ɓuya a ramin +. Rana na lanƙwasa ABS, musamman sandar tazara. Jikin kuwa buroshi da busasshen tsumma sun isa. Fetur da tina na cin roba, man keken ɗinki kuma na tara ƙura a cikin suwic.

Mai maimaita harafi, a cire wayar, a danne sandarsa, a ɗiga digo biyu ko uku na sifirit ɗin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, irin na masu gyaran waya, a danna sau talatin, a bari ya bushe. In bai daina ba sai canji. Wasu kibod suwic ɗinsu zarewa ake yi ba tare da dalma ba. A waɗannan a kula da ƙafafu: mai ƙafa biyar na shiga gurbin mai uku in an yanke ƙananan ƙafafun roba biyu, amma ramukan Outemu matsattsu ne, suwic na wasu kamfanoni ba ya shiga saboda ƙafarsa ta fi kauri.

Wanda aka like da dalma, duk mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen soda zai iya. A gaya masa abu uku. Kada ya sa bulowa mai zafi, za ta narkar da suwic na kusa. Ya saita ƙarfen wajen digiri 350, ya fara ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar don ta narke da wuri, sannan ya zuƙe da famfo. Kada ya finciki suwic kafin ƙafafun biyu su saki gaba ɗaya, in ba haka ba zai ɗago tagullar fanel, kuma in fitila ta ratsa suwic ɗin, wurin dalma huɗu ne ba biyu ba. In ba a sami sabon suwic ba, a ciro na Scroll Lock ko Pause, waɗanda kusan ba mai taɓa su, a sa a gurbin mai matsalar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ƙurar hunturu, a riƙa rufe kibod da ƙyalle duk sanda aka tashi daga aiki, domin ta gefen sandar suwic ƙurar ke shiga.